Minti goma na ƙanƙara a La Bisbal da abun da ya biyo baya

Ranar Talata 30 ga watan Agusta 2022, da yamma tun rana bata faɗi ba, wani hadari ya gangaro daga wajen duwatsun Firenis da ke tsakanin Faransa da Sifaniya ya nufi gaɓar teku, ya bi ta kan wani gari da ake kira La Bisbal d'Empordà a lardin Jirona, yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya. Garin ba wani babba bane, mutanensa wajen dubu 11 ne, an fi saninsa da sana'ar yumɓu, tukwane da farantai da tayil, kuma baida nisa da bakin ruwan Costa Brava inda 'yan hutu ke cika maƙil a ƙarshen Agusta. Lokaci ne na zafi, da yamma mutane suna waje, wasu a kan titi wasu a ƙofar shago wasu da yara a hannu. Hadari a irin wannan lokaci ba baƙon abu bane a wajensu, ana yin tsawa a zuba ruwa harda 'yar ƙanƙara a wuce, dan haka ganin sama ta yi baƙi ba zai sa kowa ya ruga ba.

Abun da ya zubo a ranar ba irin wanda suka saba bane. Ƙanƙarar da aka tsinta faɗinta ya kai santimita 10, wasu da aka auna daga baya a garin da ƙauyukan da ke kewaye irin su Forallac sun kai santimita 12, wato sun fi dunƙulallen hannun babban mutum. Hukumar yanayi ta Kataloniya, Meteocat, ta ce rabon da a ga mai girman haka a yankin tun 2002. Wata kansila ta garin da ta yi magana a rediyo ta ce minti goma kawai aka yi ana zubata amma minti goma ne na tsananin firgici, kuma duk wanda ya kalli bidiyoyin da mutane suka ɗauka ta taga ya san bata ƙara gishiri ba, zaka ga ruwan wurin ninƙaya yana tashi sama kaman ana jefa duwatsu a ciki, gilashin motoci ya ɓurma, ƙarar kuma ta hana ka jin muryar mai ɗaukar bidiyon.

Mutane da yawa in suka ji ance santimita 10 sai su ɗauka ai ninki biyar ne kawai na 'yar ƙanƙarar nan mai santimita 2 da kowa ya sani. Ba haka lissafin yake ba fa. Nauyi baya tafiya da faɗi kai tsaye, in faɗi ya ninka biyu nauyi ninki takwas yake yi, dan haka mai santimita 2 bata wuce giram 4 ba amma mai santimita 10 in ta zagaye sosai tana kusan rabin kilo, ninki 125 kenan. Sannan babbar ta fi gudu wajen faɗowa, tana iya haura kilomita 150 a awa kafin ta iso ƙasa. Toh ka haɗa nauyin da gudun ka ga abun da zai sauka a kan rufi ko kafaɗa ko kan ɗan Adam. Lema ba zata yi komai ba, hula ba zata yi komai ba, ko gilashin gaban mota da aka yi shi mai ƙwari fashewa yake.

A La Bisbal wata yarinya 'yar wata 20 da haihuwa ƙanƙara ta same ta a kai. Aka garzaya da ita asibitin Josep Trueta da ke birnin Jirona, cikin daren ta rasu. Wallahi duk sanda na zo kan wannan wajen sai jikina ya yi sanyi, yarinyar da ko magana bata gama koya ba. Masu binciken da suka yi nazarin hadarin daga baya sun rubuta cewa an daɗe ƙwarai, wajen shekara ashirin, ba a samu wanda ƙanƙara ta kashe kai tsaye a Turai ba sai ita. Waɗanda suka jikkata kuma rahoton farko ya ce kusan 50, daga baya adadin ya haura 60, yawancinsu fashewar kai ne da yanka da karaya.

Ni a ganina nan ne zuciyar lamarin, kuma nan ne ake yawan yin kuskure a ko'ina a duniya. Ƙanƙara kusan bata taɓa wanda ke ƙarƙashin rufi mai ƙwari nesa da taga, wanda ke waje take samu. Kuma abun da ke fitar da mutane waje a irin wannan lokaci sananne ne, mota ce, mutum zai ji ƙarar farko ya tuna motarsa na kan titi sai ya ɗauko bargo ya fita zai rufe ta, ko ya fita kwaso shanya, ko ya leƙa dan ya ɗauki hoto, alhali ƙananan da suka fara zubowa ba sune ƙarshe ba, manyan na iya biyo baya cikin daƙiƙoƙi kaɗan ba sallama. Gilashin mota ana sake wani, ƙoƙon kai ba a sakewa. Wanda abun ya riske shi a cikin mota gara ya samu gefe ya tsaya, kar ya fito, ya juya wa gilashi baya ya duƙa ya rufe kai da fuska da riga ko jaka, in akwai yaro a sa shi ƙasa a lulluɓe shi da jiki. Wanda ke cikin gida ya bar ɗakin da ke da tagar sama ko rufin roba, ya koma ɗakin ciki ko hawa na ƙasa. Wanda ke fili babu wajen fakewa ko kaɗan, toh kai ne abun karewa, da jaka ko da hannu biyu, kuma gindin bishiya ba mafaka bace tunda hadarin da ke kawo ƙanƙara shi ke kawo aradu.

Bayan ta tsaya sai wani babin ya buɗe, wanda kyamara bata cika binsa ba. Titi ya cika da fasassun gilashi da ganyen bishiya da ɓaraguzan tayil, ƙanƙarar na narkewa a hankali tana fitar da sanyi a tsakiyar zafin Agusta. Kira ya yi ta shiga lambar gaggawa ta 112, 'yan kwana-kwana suna bin gidaje suna sauke abun da ke lilo a saman rufi kar ya faɗo wa mai wucewa, motocin asibiti suna kwasar masu rauni. Ka tsaya kusa da mota ɗaya ka duba, gilashin gaba ya yi rami ya tsattsage kaman zai zube amma ya maƙale, na baya kuwa ya wargaje gaba ɗaya ya zube kan kujera ƙanana-ƙanana, bonet da saman motar duk sun lotsa, madubin gefe na reto da waya. Haka layi guda, mota bayan mota.

Gidajen yankin yawanci rufinsu jan tayil ne na gasasshen yumɓu da ake jerawa ɗaya kan ɗaya. Yana da kyau, yana hana zafi, yana shekaru aru-aru, amma baya jure duka irin wannan, tsagewa yake ko ya fashe biyu. Matsalar kuma daga ƙasa ba lallai ka gani ba, mutum zai ɗaga kai ya ga rufinsa kaman lafiya lau sai ruwa na gaba ya zo ya ga silin ya yi tabo, bango ya jiƙe, ruwa na bin wayar wuta. Faifan sola da mutane suka kashe kuɗi suka ɗora, tagogin sama, labulen roba da ake saukewa ta wajen taga, bututun da ke kwashe ruwan rufi, rufin kamfanoni da rumbunan ajiya, duk sun sha kashi. Yankin kuma akwai gonakin tuffa da ake girbewa daidai wannan lokaci, da yawa manoman kan shimfiɗa raga a saman bishiyoyi saboda ƙanƙara, sai dai ragar an yi ta ne dan irin wadda aka saba.

Akwai haɗarin da ba a cika faɗa ba a daren farko da washegari, shine hawa rufi. Mutum ya ga gidansa a buɗe, ya ga sama bata gama washewa ba, dole hankalinsa ya tashi ya nemi tsani da tamfol ya hau da kansa, ga tayil a jiƙe ga shi a tsage, ga duhu, wani ma bai taɓa hawa rufi ba a rayuwarsa. Faɗowa daga rufi bayan hadari na cikin hanyoyin da mutane ke jin mummunan rauni bayan sun riga sun tsira daga hadarin kansa. Na fahimci abun da ke tura mutum, ba wanda zai zauna yana kallon ruwa na shiga ɗakin 'ya'yansa, amma gara a jawo kaya gefe a tara bokiti a kashe wutar wannan ɓangaren a jira gari ya waye a samu wanda ya iya.

Sai maganar wa zai biya, kuma nan ne mutane da dama suka ji abun da basu zata ba. A Sifaniya akwai wata hukuma ta gwamnati, Consorcio de Compensación de Seguros, wadda ke biyan diyya in babban bala'i ya afku ga wanda ke da inshora, irin su ambaliya da girgizar ƙasa da aman wutar dutse da guguwa mai tsananin ƙarfi. Mutane sun san da ita, suna jin sunanta duk sanda ruwa ya ci gari. Amma ƙanƙara bata cikin jerin abubuwan da take ɗauka. Ma'ana kowa ya koma kan takardar inshorar da ya sa wa hannu da kamfaninsa, ya buɗe ya karanta ƙananan rubutun da ba mai karantawa ranar sa hannu. Mai motar da ya yi inshora mafi araha, wadda ke biyan wanda ka buge kawai, babu abun da zai samu. Wanda ya ƙara da ta gilashi za a sake masa gilashi amma lotsewar jikin motar na wuyansa sai in takardarsa ta ambaci ɓarnar yanayi. Na gida ma haka, wani an rufe masa rufi amma banda sola, wani akwai iyakar kuɗin da za a biya. Manoma nasu tsarin daban ne, Agroseguro, shi yana ɗaukar ƙanƙara amma ga wanda ya shiga tun kafin.

Abun da ke damuna a nan shine maƙwabta biyu, hadari ɗaya, minti goma ɗaya, ɓarna iri ɗaya, amma ɗaya za a gyara masa ɗayan kuma sai dai ya ci bashi ko ya yi ta yawo da mota a lotse da leda a madadin gilashi. Kuma wanda ya yi inshora mai araha ai ba dan ganganci ya yi ba, abun da aljihunsa ya iya kenan, dan haka asarar ta fi sauka kan wanda tun asali baida ƙarfi. Wannan ba a La Bisbal kaɗai ba, duk inda ƙanƙara ta yi ɓarna haka rabon yake fita. Abu ɗaya da ke taimakon kowa, mai babbar takarda da mai ƙarama, shine hujja, a ɗauki hoton komai kafin a share ko a taɓa, rufi da silin da mota da kayan ɗaki, a ajiye rasit na tamfol da na duk gyaran wucin gadi, a sanar da kamfani da wuri dan dokar inshora ta ƙasar kwana bakwai ta ba mutum ya kai rahoto sai in takardarsa ta ƙara masa. Harda ita ƙanƙarar, a ɗauke ta hoto kusa da abun awo.

Wata matsalar da ta taso wadda ni ban ga ana kawo ta a lissafi ba in ana maganar ƙanƙara ita ce asbesto. Tsofaffin rumbuna da garejoji da kamfanoni da yawa a Sifaniya an rufe su da wani kwano na siminti da aka cakuɗa da asbesto, can suna ce masa uralita. Ƙasar ta hana amfani da shi tun 2002 amma wanda aka riga aka ɗora yana nan birjik. In yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba haɗarinsa kaɗan ne, in ya fashe kuwa sai ya riƙa sakin wasu siraran zaruruwa da ido baya gani, in mutum ya shaƙa su maƙale a huhu, bayan shekara ashirin ko talatin ko fiye su iya zama cutar daji. Toh ƙanƙarar ta zo ta farfasa irin wannan rufin a garin da kewaye, gutsattsarin ya zube a tsakar gida da gona da bakin hanya. Doka bata yarda kai da kanka ka kwashe ka zuba a bola ba, sai kamfanin da aka yi wa rajista na musamman, da kayan kariya, a naɗe shi a kai inda aka tanada, kuma aikin da tsada ga kamfanonin basu da yawa. Ka ga mutum na tsaye rufinsa a buɗe, ba zai iya gyarawa ba sai an cire tsohon, ba zai iya cire tsohon ba sai layi ya zo kansa. Wanda bai sani ba kuma ya ɗauki tsintsiya ya share a bushe ya tada ƙura, shi da yaransa su shaƙa.

Layin nan shine ainihin rayuwar bayan ƙanƙara. Garin mutum dubu 11 masu gyaran rufinsa da masu sa gilashi da masu buga jikin mota an daidaita yawansu ne da aikin yau da kullum, rufi ɗaya nan mota biyu can, ba a yi su dan ranar da kowa zai buƙace su lokaci guda ba. Sai jira, jiran mai duba ɓarna daga kamfanin inshora, jiran kaya, jiran ma'aikaci, ga kaka na ƙaratowa wadda a gaɓar Bahar Rum ita ce lokacin ruwa mai ƙarfi. Manyan birane ma sun ɗanɗana, a Munik ta Jamus ranar 12 ga Yuli 1984 ƙanƙara ta lalata motoci wajen dubu 200 da gine-gine wajen dubu 70, a Sidni ta Ostireliya kuma bayan ta 14 ga Afrilu 1999 unguwanni sun yi watanni rufinsu lulluɓe da tamfol. A irin wannan yanayi ne kuma 'yan damfara ke shigowa, su bi gida-gida da mota da tsani suna cewa a basu kafin alƙalami gobe su fara, su karɓa su ɓace, ko su yi aikin da ruwan farko zai tona. Mutumin da ke cikin ruɗani saurin yarda gare shi.

Sannan akwai abun da ke zama a zuciya. Wanda ya ji wannan ƙarar a kan rufinsa, ko ya riƙe ɗansa a ƙarƙashin tebur gilashi na fashewa, ba zai sake kallon baƙin hadari yadda yake kallonsa da ba. Yara kan firgita da tsawa, manya kan riƙa duba waya suna bin taswirar rada, na'urar da ke hango hadari daga nesa, duk sanda iska ta canja. Bana ganin wannan a matsayin rauni ko raki, abu ne da ya kamata a saurara a kuma bar yaro ya faɗi abun da ya gani da bakinsa.

Me ya sa ta yi girma haka? Ƙanƙara tana haɗuwa ne a cikin dogon hadari inda iska mai ɗumi da laima ke hawa sama da ƙarfi. Can sama akwai ɗigon ruwan da sanyinsa ya wuce na daskarewa amma bai daskare ba, da ya taɓa wani ɗan ƙwayar ƙanƙara sai ya manne ya daskare a jikinsa, haka zata yi ta ƙaruwa muddin iskar da ke hawa na iya riƙe ta, sai ta fi ƙarfin iskar sannan ta faɗo. Kenan girman ƙanƙara na nuna maka ƙarfin iskar da ta riƙe ta, mai santimita 10 sai hadari na musamman mai juyawa a kan kansa wanda ke daɗewa bai mutu ba. Makamashin irin wannan hadari kuma zafi ne da laima a iskar ƙasa. A bazarar 2022 ruwan yammacin Bahar Rum ya yi zafin da ba a saba ba, makonni yana sama da yadda aka sani da fiye da digiri 3. Wani bincike da masana na Sifaniya suka fitar a 2024 a mujallar Geophysical Research Letters ya sake gina hadarin a kwamfuta, da zafin tekun da kuma babu shi, suka ga in an cire zafin yanayin da ke haifar da ƙatuwar ƙanƙara yana raguwa sosai, kuma sun danganta wani kaso na abun da ɗumamar yanayi da ɗan Adam ke jawowa.

Wani abu da ya burge ni shine wasu mutanen yankin, duk da halin da suke ciki, sun tsinci manyan ƙanƙarar sun sa a firiza. Daga baya masana daga Meteocat da Jami'ar Barsalona suka karɓi wasu, suka kai guda uku asibitin haƙori aka sa su a na'urar ɗaukar hoton ciki, aka ga yadda suke ba tare da an yanka su ba. Aka ga zobba-zobba, wani garau wani fari mai kumfar iska, kowanne na nuna irin sanyi da laimar da ta ratsa, kuma ƙwayar da ta fara bata tsakiya, ta karkata gefe ko a wadda daga waje take a zagaye, ma'ana ba daidai take girma ta kowane ɓangare ba. Irin wannan sani ne ake fatan zai gyara hasashe nan gaba.

Kuma hasashen na da wuya, gaskiya. Masana na iya cewa yau akwai yiwuwar hadari mai ƙarfi a lardi kaza, amma wane gari, wane titi, kuma santimita 2 ce ko 10, wannan sai hadarin ya riga ya haɗu an gan shi a rada, abun da ya rage mintuna ne. Zirin da ƙanƙara ke bi siriri ne, gari ɗaya ya ragargaje na kusa da shi ko ɗigo. A ranar da abun ya faru Sifaniya bata fara amfani da tsarin tura gargaɗi kai tsaye zuwa duk wayoyin da ke wuri ɗaya ba, wanda suke kira ES-Alert, sai a farkon 2023 ya fara aiki. A Yulin wannan shekarar ta 2023 kuma aka tsinci ƙanƙara mai santimita 19 a Azzano Decimo da ke arewacin Italiya, mafi girma da aka taɓa aunawa a Turai, saura kaɗan ta kamo ta garin Vivian a Amurka mai santimita 20 da ta faɗo a 2010. Ni dai in da za a tambaye ni, saƙon da za a tura wa mutane a waɗannan mintunan bai kamata ya tsaya kan ana sa ran hadari mai ƙarfi ba, jimlar da kowa ya saba ji har ta daina motsa shi, kamata ya yi ya faɗi girman da ake tsoro da santimita, ya ce a shiga ƙarƙashin rufi yanzu, a ɗauke yara daga waje, a bar motar inda take.